Luguden da Muka Ba da Haƙuri a Kansa

A kasuwar Chow Kit ta Kuala Lumpur na fara ganin Malama Hureira, tana tsugune gaban buhun wani Ba'indiye tana taunar hatsi. Ni kifi da attaruhu suka kai ni, ga 'yata Khaulah goye a baya. Ganin mace da lulluɓi irin namu ta duƙufa tana cin kayan mutane ko kunya babu, sai na ja na tsaya. Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Baiwar Allah, in Bahausa ce ke, zo ki tauna mini wannan. Gero ne, ko kewar gida ce ke ruɗa ni?"

Na tauna. Gero ne, sai dai ƙwayar ƙanana ce, kuma babu ƙamshin namu. Ta sayi iya abin da za ta iya ɗauka, muka jera zuwa tashar monorel, jirgin nan da ke bi ta saman titi. Kafin ya iso ta tambaye ni ko na iya daka. Na ce mata a Ɓaɓura aka haife ni, a gindin turmi aka yaye ni, kuma duk unguwarmu in ana biki ni ake aiko wa in zo lugude. Ta ƙura wa hannuwana ido. Ni dai baki ne ya yi aikinsa kamar kullum, ban san abin da ya jawo mana ba.

Hureira malama ce a wata kwalejin horar da malamai a gida, sashen kiɗa. Ba ita ta zaɓa ba tun farko. Hausa ta nema, aka ce gurbi ya cika sai na kiɗa, mahaifinta ya ce karatu ai karatu ne. Ta shiga tana ɓoye wa dangi, in an tambaya ta ce al'adu take karantawa. Daga baya abin ya shiga jininta. Ta yi digiri na farko da na biyu a kudu, ta dawo ta koyar shekara goma sha ɗaya a mataki ɗaya, waɗanda ta koyar suna zuwa suna wuce ta, domin babu ƙarin girma sai da digiri na uku. Da asusun ilimi na gwamnati ya ba ta gurbin karatu a Kuala Lumpur, sai ta bar mijinta Malam Sharfaddeen da yara uku, ƙaramar ba a daɗe da yaye ta ba, a kan shekara uku za ta yi ta dawo. Ranar da muka haɗu tana cikin ta ukun, ko rabin hanya ba ta kai ba.

Mazanmu da ke karatu a jami'ar Jalan Semarak, har da maigidana Tajuddeen, Dakta Kalangu suke kiranta a bayan ido. Su masu karatun siminti da wayar lantarki gani suke yawon buɗe ido ta zo. Ni kuwa na ga takardar sharuɗɗanta manne a bangon ɗakinta, na sa ta karanta mini. Shekarar farko gaba ɗaya darasi ne: dabarun bincike, harshen Malay da yake dole ga kowane baƙo, nazarin kiɗan Turawa na da da na yanzu, da yadda ake rubuta wa taron makaɗa sittin abin da kowannensu zai buga. Wannan na ƙarshen sau biyu ta yi shi, don wasu kayan kiɗan a hoto kawai ta san su. Bayan darasi ta kare manufar bincikenta gaban kwamiti, suka mayar da ita, ta gyara, ta koma. Sai maƙala biyu a mujallun da jami'arta ta yarda da su. Sannan ainihin aikin: ta tsara kiɗa nata na kanta, na awa guda in an haɗa, a rubuce tsaf, a buga mafi girma daga ciki gaban jama'a da masu jarrabawa uku, ta rubuta kundin da ke bayaninsa, a ƙarshe ta zauna ta kare shi. Ɗaya ya faɗi, sauran duk sun bi ruwa.

Shi rubutun kiɗa layuka ne biyar-biyar da ɗige-ɗige baƙaƙe kamar kashin ɓera. Wanda ya iya, in ya duba, yana jin sautin a kansa. Hureira ta riga ta gama ƙananan, na sarewa da goge da piyano. Babban shi ne ya rage, kuma shi ne wanda ta baro gida dominsa: kiɗa na turmi ɗaya da taɓare uku da mata uku. Tun tana yarinya a gidan kakarta ta lura cewa muryar turmi tana sauyawa yayin da hatsi ke farfashewa. Da farko amo ne mai nauyi, sai ya yi laushi, sai ya koma kamar numfashi in gari ya fito. Ta ce hatsin ne ya kamata ya yanke inda kiɗan zai ƙare. Turmin ƙirya ta sa aka aiko mata daga gida da taɓarensa. Geron ne ya gagara, sai ranar nan a Chow Kit.

Mu uku ta samu. Ni, da Zuhra 'yar Gumel matar wani mai karatun lissafi, da Kamila, 'yar birni ce amma a hannun kakarta ta tashi. Mazanmu ba su hana ba. Tajuddeen ya yi kwana biyu yana tunani, ya ce shi dai bai taɓa jin malamin da ya haramta daka ba. Wurin gwaji ne ya zama aiki, don a benenmu, hawa na tara, sau ɗaya muka gwada maƙwabta suka kai ƙara. Wata tsohuwa a unguwar Kampung Baru, Makcik muke ce mata, wato inna, ita ta ara mana tsakar gidanta duk Asabar da hantsi.

Kusan shekara biyu muna zuwa gidan nan. Awa ta farko tamu ce, mu yi lugude yadda muka tashi muka gani. Hureira tana zaune a kujera 'yar tsugunno, ido a rufe, na'urar ɗaukar sauti a cinya. Amma ba zama kawai take yi ba. Ita ta sauya jerinmu, ta sa Kamila ta riƙa bin bayana, don ni da Zuhra duk zafin hannu ne da mu, in muka biyo juna sai mu cinye wurin. Ita ta sa aka rage tsawon taɓarya ɗaya don muryarta ta fita daban. Ita ke yayyafa wa geron ruwa da hannunta, ta zuba masa tafin shinkafa, ta ce amon ya fi. Ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin turmin, ta cire, ta sa buhu, ta cire, ta koma tabarma. Ni kuwa jira ta koya mini, abin da uwata ta kasa.

"Maman Khaulah," in ji ta, "hannunki ya fi bakinki sauri, bakin naki ma ba baya ba. Ki bari Kamila ta sauke numfashi kafin ki shiga."

Sannu a hankali lugudenmu ya daina zama na Ɓaɓura ko na Gumel. Ya zama wani abu da ban taɓa ji a ko'ina ba. A lokacin ban iya faɗar haka ba, na ɗauka mu ne kawai muka saba da juna.

Awa ta biyu ta takarda ce. Tunda ba mu iya karanta ɗige-ɗigen ba, sai ta yi mana alamu da launi, ja nawa, kore na Zuhra, shuɗi na Kamila, muna ƙirga bugu a zuci. A takardar babu cilla taɓarya, babu tafi, babu guɗa, kuma minti goma sha biyu ne cif, ko gero ya daku ko bai daku ba. Mai kula da aikinta, Dakta Hisham, mutumin kirki ne, amma mai taka-tsantsan. Ya ce mata masu jarrabawa takarda suke riƙewa, abin da ba ya kanta ba su da inda za su ba shi maki. Masu kula da zauren taro su ma suka ce ba za a yi jifa da itace a dandalinsu ba.

"Supervisor ɗina ya ce boleh, wato ya yarda in yi turmina," in ji ta wata Asabar, tana naɗe tabarma. "Amma komai sai ya hau takarda. Abin da ya ƙi hawa, in yanke."

Haka ta yi ta yankewa, har abin da ya rage ya zama daka mai tsabta da tsari, irin wanda mace ke yi in tana fushi da mijinta.

A nan sai na faɗi wani abu da duk wadda ta tashi a tsakar gida ta sani. In kuna daka 'yar'uwarki ta cilla taɓarya ta tafa, dole ki amsa mata. Wadda ta ci gaba da daka kai a sunkuye, to gaba take yi da ke, kuma kowa a gidan zai gane. Hureira ta fi mu sanin wannan. Shi ya sa ana saura mako guda ta ja ni gefe, ta riƙe hannuna biyu. Ta ce hutun karatunta ya ƙare tun bara, wannan ƙarin da aka yi mata shi ne na ƙarshe, kuma 'yar autarta ta fara kiranta Anti a waya.

"Don Allah, don Annabi, kada ki fara," ta ce. "In ke ba ki fara ba, su ba za su fara ba."

Na rantse mata.

Ranar Laraba ce, ƙarfe uku na yamma. Mun sa anko shuɗi da muka sayo a Jalan Tuanku Abdul Rahman, mun sha ɗamara. Zauren ya kusa cika, ɗalibai da malamai, da mutanenmu a layukan baya. A layin gaba masu jarrabawa uku, kowanne da takardar a gabansa da 'yar fitila. Ta tsakiyarsu wata tsohuwar farfesa ce da aka gayyato daga wata jami'a, 'yar ƙarama, tabarau a kan hanci. Hureira tana can gefe, ba ta da izinin hawa dandali.

Shafi uku na farko muka bi su daidai. Ina ƙirgawa har leɓena na motsi. Sai geron ya kai inda yake kaiwa, inda dusa ke saki, turmi ya buɗe murya. Zauren nan kuwa ba tsakar gidan Makcik ba ne. Kowane bugu sai ya tafi ya dawo mini a ƙirji. Shekara shida rabona da gida, mahaifiyata ta rasu ban je ba, kuma ga muryar tsakar gidanmu ta cika ɗaki a wata ƙasa. Ba zan ce shaiɗan ba ne, ba zan ce mantuwa ba ce. Ina sane. Na cilla taɓarya sama, na tafa sau biyu, na cafe.

Kamila ta dube ni, idonta ya yi waje. Amma me za ta yi, ta yi gaba da ni gaban mutum ɗari biyu? Ta amsa. Zuhra ta daki bakin turmi ta rangaɗa guɗa. Daga nan takarda ta zama ta masu fitila kawai. Muka yi irin na awa ta farko, Kamila na bin bayana, ina jiran numfashinta, gajeriyar taɓaryar tana ratsa tsakani. Ba mu tsaya ba sai da gero ya zama gari, amon ya kwanta da kansa. Minti goma sha tara, in ji masu agogo.

Zauren ya tashi tsaye. Wasu ɗalibai har ihu suke yi. Na hango tsohuwar farfesar ta rufe takardarta tun tuni, ta cire tabarau. Ni a wautata na ɗauka mun yi wa Hureira gata. Da muka sauko ta rungume mu mu uku tana kuka. Ta ce a kunnena, "Kin kashe ni, Maman Khaulah. Amma wallahi ban taɓa jin abu mai daɗi haka ba."

Bayan kwana goma wasiƙa ta zo daga kwamitin jarrabawa. Shafi ɗaya da rabi ce. Sun ce tun daga shafi na huɗu abin da aka ji ya rabu da abin da ke rubuce. Suna so ɗaliba ta yi bayani a rubuce cikin kwana goma sha huɗu: mene ne alaƙar takardar da abin da aka buga, kuma mene ne hannunta a cikin abin da aka ji. Dakta Hisham ya tafi aikin hajji kwana biyu bayan taron, wayarsa a kashe.

Hureira ta zauna ta rubuta amsa shafi biyar. Da ta aika abinta shiru, da ban zauna ina wannan rubutu ba. Amma mu ba ma yin abu mu kaɗai. Labari ya zaga, aka ce matsala ta samu 'yar'uwa, dole a zauna. Ranar Lahadi bayan la'asar muka taru a falon Malam Hambali, dattijon ƙungiyar ɗalibanmu, wanda ya yi shekara ashirin a ofishin magatakardar wata jami'a a gida kafin ya zo nasa karatun. Maza a kujeru, mu mata a bakin ƙofar kicin.

Ta karanta musu amsarta. A ciki ta faɗi jerin da ta sa mu, da ruwan gero, da taɓaryar da ta rage, da shekara biyu na Asabar. Ta ce abin da aka ji ranar Laraba aikinta ne, ta tsara shi a hannuwan mata uku maimakon a takarda, kuma takardar ce ta gaza ɗaukarsa. Ta ce a shirye take ta kare wannan magana.

Malam Hambali ya saurara har ƙarshe, yana girgiza kai a hankali.

"Malama, ki yi haƙuri, wannan query ce aka ba ki, takardar tuhuma," ya ce. "Na rubuta irinta ta fi ɗari, na karanta amsarta ta fi ɗari. Duk wanda ya tsaya kare kansa, shi ake kora. Wanda ya amsa laifi ya ba da haƙuri, shi ke tsira. Yanzu ke za ki gaya wa examiner cewa takardar da ke hannunsa ce ba ta isa ba? A ƙasar mutane?"

"Malam, tambaya suka yi," in ji Hureira.

"Haka ake rubuta ta mana. Ai ba za su zage ki ba."

Maza suka goyi bayansa, har da nawa mijin. Wani ya ce taurin kai ne, wani ya ce a tuna bizarta saura wata biyar. Kuma ba mugunta suke yi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Haka aka rene mu duka. In babba ya tambaye ka me ya sa, ba dalili yake nema ba, durƙuso yake jira. Kowannenmu ya taɓa tsira ta wannan hanya, a makaranta, a ofis, a gidan surukai.

Hureira ta juyo ta dube ni. Da na ce mata ta aika shafi biyar ɗinta, na san da ta aika. Amma ni tun ranar Larabar nan ban yi barcin kirki ba. So nake a ɗora mini laifin, a rubuta shi, in sa hannu, in huta. Sai na tashi na zo gabanta na durƙusa, ina kuka, na ce ta bari mu ɗauki abin da muka jawo. Na ce ta tuna 'ya'yanta. A raina ina ganin sadaukarwa nake yi, alhali kaina nake nema wa sauƙi.

Malam Hambali ne ya tsara wasiƙar, rabin shafi. Ta ce ɗaliba tana ba kwamiti haƙuri. Ta ce masu dakan matan aure ne marasa horo, tsoron taro ya ruɗa su, abin da aka ji daga shafi na huɗu kuskure ne, ba ya cikin aikin ɗaliba ko kaɗan. Ana roƙon a ba ta dama ta sake da ƙwararru, kuma ba za a ƙara ba. Hureira ta sa hannu a sama, mu uku a ƙasa. Ni da ake aiko wa daga unguwa zuwa unguwa, na sa hannu cewa ban iya daka ba.

Cikin mako guda amsa ta zo, an amince a sake. Aka yi ta barka da arziki. Malam Hambali ya ce, "Kun gani ko?" Matarsa ta yi mana tuwo. Da Dakta Hisham ya dawo daga hajji ya karanta kwafin wasiƙar, Hureira ta ce ya daɗe dafe da goshi, sannan ya tambaye ta me ya hana ta neman a ɗaga mata kwanakin har ya dawo. Duk taron falon nan babu wanda tunanin haka ya zo wa.

Bayan wata uku aka sake. Ɗalibai uku na sashen, mata biyu da namiji, masu karanta ɗige-ɗige kamar ruwa. Na je na zauna a layin ƙarshe. Ba zan zalunce su ba, sun yi ƙoƙari, ko bugu ɗaya ba su kuskure ba. Riƙon taɓaryar ne dai irin na wanda aka ba jaririn wani. Minti goma sha biyu cif suka tsaya, geron ko surfuwa bai gama yi ba. Aka tafa yadda ake tafa wa jawabin shugaban makaranta. Masu jarrabawa suka bi takarda har shafin ƙarshe, suka kashe fitilunsu.

Sakamakon kowa ya ji shi. Bayan zaman kare kundi, kwamiti ya ce aikin da aka gabatar mai tsabta ne, amma bai kai nauyin digiri na uku ba. Suka ba ta digiri na biyu, irin wanda ta zo da shi a jaka tun daga gida. Hutu ya ƙare, biza ta ƙare, kwaleji tana kira. Shekara biyar da wata bakwai. Yau shekara biyu da komawarta, tana nan a matakin da ta bari, wani tsohon ɗalibinta ne shugaban sashe. Malam Hambali ya gama nasa lafiya, Dakta ake ce masa, har yanzu yana cewa ba don wasiƙarsa ba da ko wannan ɗin ba ta samu ba. Ina gaishe shi in mun haɗu, don matarsa ba ta yi mini komai ba.

Abin da ba kowa ya ji ba shi ne abin da aka faɗa a ɗakin, don zaman a rufe ake yinsa. Ranar da ta fito ta kira ni, muka haɗu bayan azahar a wani mamak, shagon abincin Indiyawa Musulmi, kusa da Chow Kit. Ta sa aka kawo mata shayi, ba ta taɓa shi ba. Fuskarta a bushe, ko alamar kuka babu.

Ta ce awa biyu suka yi suna tambayarta a kan kundin, tana amsawa. Da aka zo ƙarshe, tsohuwar farfesar ta ce tana da magana wadda ba ta cikin jarrabawa. Ta ce ita ce ta rubuta wasiƙar farko da hannunta. Ta ce ta saurari sautin da aka ɗauka ranar Laraba ya fi sau ashirin, kuma tun a zauren ta gane cewa mata uku ba sa haɗuwa haka da ka, akwai wanda ya daɗe yana gina abin. Ta ce a shekara talatin tana jarraba ɗalibai, sau biyu ko uku ta ji abin da ya kai wannan. Tambayar da ta aiko, so take Hureira ta ce aikinta ne, ta faɗi yadda ta yi, su kuma su samu abin da za su tsaya a kai gaban jami'a. Sai ga wasiƙa da sa hannu huɗu tana cewa kuskure ne. Ta ce mai jarrabawa ba shi da ikon ba ɗalibi maki a kan abin da ɗalibin ya rubuta cewa ba nasa ba ne.

Mai shagon ya zo yana tambaya ko a ɗaure mana abinci mu tafi da shi. Na kore shi da hannu.

"Yaya Hureira, shafi biyar ɗin fa?" na ce. "Ba ki nuna mata ba?"

"Suna cikin jakata a lokacin."

"To me ya hana ki fito da su?"

"An riga an sa hannu a sakamako, Maman Khaulah. Magana ce kawai take yi mini, irin ta uwa."

"Ke kuma me kika ce mata?"

Ta juya kofin shayin a kan tebur, ta ɗago ta dube ni.

"Me kuwa zan ce? Na ba ta haƙuri."